Kwallin Turai a Gidan Labo

Shekara da shekaru Marka ta yi tana karɓar tsarabar mutane da hannu biyu. Ɗan Salome, matar Fasto, ya dawo daga Ikko, aka aiko mata da sabulu mai ƙamshi. Jikan Baturiya, yayar mijin Marka, ya zo hutu daga barikin soja, aka ba ta gwangwanin kifi. Hajiya Lauratu mai man gyaɗa a kasuwar Dayi ta sauka daga Makka, ba ta duba cewa Marka 'yar coci ce ba, ta aiko mata da dabino da kwalli a ƙulle cikin takarda. Kullum Marka takan yi godiya, sannan ta ƙara da magana ɗaya: "Allah dai ya dawo da namu lafiya." Kowa ya san fassarar wannan addu'a. Nata yana Turai, kuma ranar da ya sauka za a ga abin da ake kira tsaraba.

Nata ɗin shi ne Ishaya, ɗan farinta, wanda ba ta kama sunansa. 'Yan mishan suka ɗauke shi tun bai iya ɗaura wando ba, daga makaranta sai makaranta, har gwamnati ta tura shi wata ƙasa mai sanyi. Ya sauka da kaka, ana tsakar yankan dawa, a shekarar da rediyo ya fara wa'azin tsuke bakin aljihu. Motar Funtuwa ta ajiye shi a bakin titi da akwati biyu, masu nauyin da sai da ƙarti suka yi gammo kafin su kai su Gidan Labo, gidan gadon mijinta. Marka ta ga yadda wuyansu ke lanƙwashewa, ta ji sanyi har cikin ranta.

Da aka buɗe akwatunan, littattafai ne. Na farko littattafai, na biyu littattafai da rigunan sanyi. Ishaya ya laluba ya ciro alƙalami mai kyau ya miƙa wa mahaifinsa Dogo, mutumin da babban yatsansa ne sa hannunsa. Uwarsa kuma ya ba ta mayafin ulu mai kauri, wanda in ka yafa shi a Malumfashi sai an yi maka fifita. Shi ke nan, ya rufe akwati ya tambayi ko akwai ruwan wanka.

Mata suka yi ta zuwa barka da sauka. Su zauna, su sha kunu, su tambayi gajiya, su sake tambayar gajiya, ido yana kan ƙofar ɗakin baƙo. In zama ya yi tsawo har ya fara wari, sai su tashi. Ba wadda ta tambayi komai, don tambayar tsaraba ba tarbiyya ba ce. Baturiya ce kawai, da yake ita dangin miji ce kuma ba ta shiga coci balle a yi mata wa'azin tausasa harshe, ta tsaya a bakin zaure tana gyara sandarta.

"Matarmu, kayan ta jirgin ruwa suka biyo, ko?"

"Suna tafe, Yaya."

"To, Allah ya sa teku ba ta ƙafe ba. Ni da na ji an ce ya zama Dakta, har gwiwata na kawo masa. Ya ce shi ba irin wannan Daktan ba ne. Ashe su ma kamar kabewa suke, akwai ta miya, akwai ta duma."

Marka ta yi dariya tare da ita, don haka ake yi.

Rannan Ishaya ya tafi Malumfashi gidan waya, Marka ta shiga share masa ɗaki. Ta ja akwatin rigunan sanyi, sai ta ji wani abu ya yi ƙara a ƙasa. Safa ce a naɗe. Cikin safar gwangwani, cikin gwangwanin auduga, cikin audugar wata 'yar kwalba mai faɗin baki kamar ta tawada, a cike da baƙin gari. Ta kai ta bakin ƙofa ta duba da haske. Ba ta taɓa ganin baƙi irin wannan ba. Kwallin Makka kusa da shi toka ne. Ta dangwala da ɗan yatsa ta murza, ba tsakuwa ko ɗaya, laushi kamar ba ka taɓa komai ba.

Sai ta zauna a bakin gado, ta ji kunyar zargin da ta yi wa yaron. Ashe yana da hankali. Ashe kunya ce irin ta ɗa namiji, ya sayo kayan mata ya rasa yadda zai miƙa. Dubi ma yadda ya killace shi. Abin da aka naɗe sau uku ai ba na banza ba ne.

Rabon tsarabar ɗa kuwa aikin uwa ne, ba a neman izini a kansa. Marka ta yayyaga takarda, ta ɗauko cokalin shayi, ta auna bisa girma. Baturiya aka fara cika wa, don ita ce babba kuma bakinta ne ya fi buƙatar toshewa. Sai Hajiya Lauratu, wadda aka ɗan ƙara wa saboda na Makka. Sai Salome, sai matan gida, sai wasu na zumuntar mata. Kafin Ishaya ya dawo, kwallin Turai ya zaga unguwa, ita kanta Marka ta zuba nata a tandu, ta ajiye sai safe.

Da safe Ishaya ya fito ya durƙusa zai gaishe ta. Ya ɗaga kai ya dube ta. Idanun uwarsa sun yi ja wur kamar gauta, an zagaye su da baƙi rambaɗau.

"Inna, me ya sami idonki?"

"Kwallinka ne. Yana da yaji, amma na gode. Allah ya yi albarka."

"Wane kwalli?"

Bai jira amsa ba. Ta ji akwati ya faɗi a ɗaki, ta ji gwangwani ya gangara. Ya fito riƙe da kwalbar, yana karkata ta yana leƙen ɗan abin da ya manne a gindi.

"Ina sauran? Inna, ina sauran?"

Marka ta lura cewa sauran ya fara tambaya. Sai da ya tambaya sau biyu sannan ya tuna ya ce ta je ta wanke ido.

Bayan ta wanke, ya zaunar da ita ya shiga bayani. Wai ba kwalli ba ne, zare ne. Kowane ɗigo da take gani tarin zare ne, siraran da gashin kanta kusa da su kututturen kuka ne. Kowane zare kuma da rami a cikinsa kamar sarewa, a bakinsa akwai ɗan ƙwayar ƙarfe.

"Wa ya ga ramin?"

"Na'ura ce ke nunawa."

"To."

"Saboda ƙarfen, maganaɗisu yana jansa. Mayen ƙarfe, Inna, irin na cikin rediyo. Wata rana za a iya cusa magani a ramin, a sa a jinin mutum, a ɗora mayen ƙarfe daidai inda ciwo yake, maganin ya tafi can kai tsaye, maimakon ya bi jiki duka yana ɓarna."

"Wata rana."

"An fara tunanin abin."

A kan wannan garin ya yi duk zamansa na Turai. Wata hukuma a Kaduna tana neman wanda zai riƙe mata sabon ɗakin bincike, an kira shi ganawa mako mai zuwa, kuma ya riga ya yi musu alkawarin zai zo da abin su gani da idonsu. Sauran masu neman aikin suna da kawu a ma'aikata. Shi kwalba yake da ita. A nan kuwa ba zai iya sake yin wani ba, babu murhun da ake yi da shi, babu lantarkin da zai tsaya har a gama.

"Sai ki karɓo," ya ce.

Haka ya faɗa, kamar ya ce ta miƙo masa buta. Ya daɗe a waje har ya manta cewa a ƙasar nan yaro ma in ya ba da gyaɗa ya karɓe, sai 'yan uwansa sun bi shi da tafi har gida. Babbar mace kuwa, uwar Dakta, wadda ta yi shekaru tana cewa a jira nata, ta bi gida-gida tana karɓe kyauta? Gara ta fita kasuwa ba ɗankwali. Marka ta dubi mijinta, wanda ke zaune yana wasa lauje. Dogo ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ce maganar mata ce, ya nufi gona.

"Ba na amai in lashe," in ji Marka.

"To ki kira su. Ni zan yi musu bayani. In suka fahimta, da kansu za su bayar."

Wannan ita ce tsarabar gaskiya da Ishaya ya kawo daga Turai, wato imani da cewa in aka yi wa mutum bayani zai saki abin da ke hannunsa.

Da la'asar suka hallara a gindin mangwaron tsakar gida, kowacce ido ja, kowacce tana tsiyayar hawaye tana yabon kwalli, sai ka ce an tara masu ciwon afolo. Hajiya Lauratu ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin kwalli mai ratsa kai irin wannan ba. Salome ta ce abin Turawa ai ba ya zuwa da wasa. Ishaya ya roƙi aron tandun Salome, ya shimfiɗa farar takarda a kan faifai, ya zazzage garin a kai. Sannan ya ciro wani ɗan ƙarfe mai kama da kofaton doki, ya zura shi ƙarƙashin takardar.

Garin ya miƙe tsaye. Ya yi cirko-cirko kamar gashin kyanwar da ta ga kare. Ishaya ya ja hannunsa hagu, garin ya bi hagu. Ya ja dama, ya bi dama, a jere, ba mai wuce wani.

"Yesu!" in ji Salome.

Hajiya ta ja da baya tana salati. Baturiya kuwa matsowa ta yi, ta kanne idonta mai yana, ta leƙa da ɗayan.

"Aradu, rai gare shi."

"Ba rai ba ne, Gwaggo. Ƙarfe ne a ciki." Ya gyara tsayuwa, ya ga an yi tsit ana kallonsa, abin da bai samu ba tun da ya sauka. Daɗi ya kwashe shi. Ya yi maganar zare, ya yi maganar rami, ya kai ga maganar magani da jini da inda ciwo yake. Da ya tsaya a zare da ya tsira.

"Tsaya, ɗana," in ji Salome. "Ka ce yana ɗaukar magani?"

"Za a iya sa masa. Nan gaba."

"Ya kai shi inda ciwo yake?"

"Abin da ake fata ke nan, amma..."

"Shi ya sa!" Baturiya ta daki cinya. "Tun safe nake jin sa yana yawo a idon nan na hagu. Ashe nema yake. Ɗazu ma sai da na ga ƙadangare a kan danga, har jan kansa."

"Gwaggo, babu magani a ciki. Ko ɓera ba a gwada wa ba. Zai iya ɓata muku ido gaba ɗaya."

"Ku ji likita," in ji Hajiya Lauratu. "Haka suke wallahi. In abu mai kyau ne, sai su ce ba naku ba ne, na manya ne."

"Hajiya, ina buƙatarsa ne don..."

"Ai mun gani, Dakta. Wa zai ƙi buƙatarsa?"

Salome ta sa hannu a hankali ta ɗauke takardar daga faifai, ta lanƙwasa ta, ta juye garin cikin tandunta ba tare da ko ɗigo ya zube ba, ta ƙulle a bakin zane. "Mun gode ƙwarai," ta ce. "Da mun ɗauka ado ne kawai."

Suka watse suna sa wa Marka albarka. Ishaya ya tsaya riƙe da faifai.

Abin da Marka ta daɗe tana jira sai ga shi ya zo har da ƙari. Ran Lahadi matan zumunta suka matsa mata a bencin gaba. Wata mata ta hawo babur tun daga Danja da kaza a hannu, tana roƙon ko na kan tsinke ne, saboda idon mijinta. Aka ce Hajiya ta fara haɗa nata da kwallin kasuwa tana ɗiba wa na kusa da ita, ba kyauta ba. Baturiya da kanta ta aiko da ƙwaryar wake, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kawo Marka gidan. In Marka ta ce ba ta ji daɗi ba ta yi ƙarya. Tafiyarta ma ta sake.

Sai dai in ta dawo gida, ga yaron nan zaune a bakin ƙofa, kwalba a hannu, tuwon jiya a rufe kusa da shi. Ya daina aske gemu. Ranar ganawa tana matsowa, ya fara maganar ko zai nemi koyarwa a sakandaren Malumfashi. Wannan ce ta tsaya wa Marka a rai. A kai yaro Turai, ya dawo yana cin alli a Malumfashi yana hawan keke, kamar ɗan Fasto da bai wuce Ikko ba?

Tana tuƙa tuwo a madafi, hayaƙin karan dawa ya cika ɗakin, ta kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tari.

"Kai, wannan abin naka. Da me ake yin sa? Ban da Turanci."

"Akwai wani bututu, ana hura masa wuta har ya yi ja. Sai a barbaɗa garin ƙarfe kaɗan a ciki, a tura tururin wani mai, ɗan uwan fetur. In zafi ya ci man, sai baƙin ya kwanta a jikin bututun."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai a bari ya huce, a kankare."

Marka ta tsayar da muciya. "Hayaƙi ya kwanta a bango, ka kankare."

"To, in an sauƙaƙa..."

"Kunkunniya ke nan."

"A'a, Inna, ba daidai ba ne. Tsarin ƙwayoyinsa..."

"Kunkunniya."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin madafin, inda baƙin hayaƙi ya yi tsayin yatsa yana reto a jikin kara. Ta daɗe tana kallo. Ta san matan nan kamar yunwar cikinta. Roƙo ba zai fito da garin ba, tsoratarwa ma an gwada, ta ga ƙarshenta. Abu ɗaya ne mace ba za ta ajiye a tandunta ba, shi ne abin da za a yi mata dariya a kansa. Ta kuma san a kan wa dariyar za ta ƙare.

"Je ka aske gemun nan," ta ce. Ta ci gaba da tuƙi.

Ranar kasuwar Dayi ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta tafi ba tare da kayan sayarwa ba. Rumfar Hajiya Lauratu ita ce majalisar mata, duk wadda ta sayar da barkononta nan take zuwa ta huta. Baturiya tana nan a kan buhu, Salome tana taya awo, ga wasu matan Maska da suka zo sayen ƙuli-ƙuli.

"Uwar Dakta!" in ji Hajiya. "Ke, tashi ki ba ta kujera. Ga mai kwallin nan da nake ba ku labari."

Matan Maska suka gaishe ta har da rusunawa. Ɗaya daga cikinsu, wata mai suna Inno, ta ce ita ta ji an ce daga ƙarƙashin teku ake haƙo dutsen, ko gaskiya ne?

Kujerar tana da daɗin zama. Marka ta ji a ranta cewa in ta ce e, ba wanda zai kama ta har abada. Ta gyara ɗankwali.

"Ba dutse ba ne," ta ce. "Na tambaye shi jiya. Kunkunniya ce."

Hajiya ta tsaya da ludayin mai a sama.

"Kunkunniyar me?" in ji Baturiya.

"Ta bututu. Mai suke ƙonawa, hayaƙin ya kwanta, ya kankaro ya zuba a kwalba. Ni ce ban sani ba na raba."

"Irin baƙin da ke bayan motar Funtuwa?"

"Kusan haka."

"Shi ya je koyo?"

"Shi."

Inno ce ta fara, ta toshe baki da mayafi amma abin ya fi ƙarfinta. Daga nan rumfa ta ɗauka. Mai tumatir na kusa ya leƙo yana tambayar me aka samu, aka gaya masa, ya juya ya gaya wa mai albasa.

"Kai, jama'a!" Baturiya tana share hawaye, baƙi yana bin kumatunta. "Da an yi shawara da ni, ai da madafina aka turo shi. Rufin nan tun zamanin Labo ba a kakkaɓe shi ba. Da yanzu ya zama Dakta sau uku, ga tuwo kyauta. Shi ya sa tun shekaranjiya ko hannuna ba na gani!"

"Ke da kika ga ƙadangare, Yaya?"

"Ƙadangaren ƙaniyarki. Ashe ganye ne."

Hajiya Lauratu ba ta yi dariya ba, don ita akwai waɗanda za su zo neman bayani a wajenta. Ta jiƙa gefen mayafi da man gyaɗa tana goge ido. "Marka, ni na ba ki na Makka. Na Makka fa. Ki rama mini da bayan tukunya?"

Salome ce ta fi kowa tausayi, shi ya sa nata ya fi zafi. Ta dafa kafaɗar Marka ta ce, "Kada ki damu, Mama. Za mu sa shi a addu'a ran Laraba. Wataƙila sanyin can ne ya taɓa shi."

Marka ta zauna ta shanye duka. Ba ta kare yaron ba, ba ta ce ƙarfe ba, ba ta ce rami ba, don ta san kalma ɗaya ta yabo za ta iya mayar da garin cikin tandu. Da ta tabbata labari ya kai layin mahauta, ta tashi ta ba da kujerar, ba wanda ya ce ta ƙara zama.

Kafin rana ta faɗi garin ya fara dawowa. Ba wadda ta kawo da kanta. Wata ta aiko a ganye, wata a gutsuren kwano, wata ta haɗo har da tsinken. Baturiya ta tsaya daga waje ta wurgo nata ta kan danga, ta bi shi da saƙon cewa a gaida Dakta Kunkunniya. Sunan ya kama nan take kamar wutar kara. Washegari da Marka ta je rijiya, wata yarinya da aka haifa a gabanta ta ce mata, "Sannu, Uwar Kunkunniya," uwar yarinyar kuma ta tsawata mata da irin tsawar da ke cewa ƙara.

Ishaya bai ji ko ɗaya ba. Ya baje takardu a ɗaki, yana bi da mayen ƙarfe yana tsamo nasa daga cikin kwallin kasuwa da aka cakuɗa, nasa ya bi ƙarfe, na dutse ya zauna. Yana yi yana fito. Abin da ya samu ya haura rabin kwalba.

"Ya isa, Inna! Wannan ya isa. Yaya kika yi suka bayar?"

"Bayani na yi musu."

"Kin gani? Ai na gaya miki."

Ya tafi Kaduna da kwat da kwalba a aljihun ƙirji. Marka ta ci gaba da zuwa rijiya, don ruwa bai san kunya ba. Ran Lahadi ta koma bencinta na da. Matar Danja ta aiko a mayar mata da kazarta.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da yamma, Marka tana sheƙar dawa a tsakar gida. Tun daga zaure ta ga tafiyarsa ta san an samu.

"An dace, Inna. Sun ɗauke ni."

"Madalla. Mun gode Allah." Ta ɗaga ƙwarya, iska ta kwashi ƙaiƙayi. "Da suka ga abin, me suka ce?"

Ishaya ya dubi takalminsa.

"Lokaci ne ya ƙure. Shugaban yana da wani taron. Sun duba takarduna, suka tambayi ƙaramar hukumata, ashe ba su da kowa daga wajenmu. Ɗakin binciken ma ba a gina ba tukuna, an dai sa harsashi. Sun ce in fara riƙe ofishin sayen kaya. Akwai gida, akwai mota."

"Kwalbar fa?"

Ya taɓa ƙirjinsa. "Ba su tambaya ba."

Marka ta sake cika ƙwarya, ta ɗaga, ta zuba. Ta sake cikawa. Sai da ta ga ƙasan tulin dawar sannan ta yi magana.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Daga mota nan na yo."

"To ji nan. Gwaggonka ta ga saukarka, yanzu za ka ji sandarta. In ta tambaye ka, ka ce sun buɗe. Ka ce manya ne masu tumbi, kuma da garin ya motsa duk suka tashi tsaye. Ka ce ɗaya har ya cire tabarau ya goge ya mayar."

"Inna, ai ƙarya ke nan."

"Gaskiya na riga na faɗe ta a kasuwa. Wadda na faɗa ta ishi gidan nan har baɗi."

Sai ga sanda ta ƙwanƙwasa a zaure. Baturiya ta shigo tana laluben hanya, ta sami turmi ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"A'a, Dakta Kunkunniya, an dawo? Yaya manyan Kaduna suka ga hayaƙin namu?"

Ishaya ya dubi uwarsa. Marka ba ta dube shi ba, tana tsince tsakuwa daga dawa.

"Sun... sun tashi tsaye, Gwaggo."

"Duka?"

"Duka," in ji Marka. "Ɗaya har ya cire tabarau."

Baturiya ta jinjina kai, ta ɗebi dawa a hannu ta duba ƙwayar, ta watsa ɗaya a baki.

"Ai dole," ta ce. "Wa ke zama cikin hayaƙi?"